Norman Gregg, likitan da ya gano illar rubela ga jarirai

An haifi Norman McAlister Gregg a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a shekarar 1892. Ya yi karatun likita a Jami'ar Sidni, ya kuma yi aiki da sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin ya ƙware a fannin ido.

A 1941, yana aiki a asibitin yara na Royal Alexandra da ke Sidni, sai ya lura ana ta kawo masa jarirai da aka haifa da yana a ido, fiye da yadda aka saba gani. A wancan zamani, likitoci sun ɗauka gadon irin wannan lalura ake yi.

Gregg ya shiga yi wa uwayen tambayoyi, ya kuma nemi abokan aikinsa su yi hakan. Daga cikin jarirai 78, an tarar uwayen 68 sun kamu da rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, a farkon cikinsu, lokacin annobar 1940. Jariran da dama kuma suna da ciwon zuciya.

Wannan ya nuna cewa cutar da ba ta wahalar da uwa sosai tana iya makantar da ɗan da ke cikinta. Likitoci a ƙasashen waje sun yi shakka da farko, har sai da wasu masu bincike suka tabbatar da sakamakon.

An ba shi sarautar Sir a 1953. Ya rasu a 1966, shekaru uku kafin a amince da allurar rigakafin rubela ta farko a Amurka.