Ibn Rushd: Alƙalin Kurɗuba da ya haɗa shari'a da likitanci

A shekarar 1195 aka gurfanar da wani dattijo ɗan kimanin shekara 69 a gaban taron malamai da hukumomi a birnin Kurɗuba na ƙasar Andalus, inda a yau ake kira Sifaniya. Mutumin ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin alƙalan birnin, ya kuma yi shekaru yana likitan fadar halifa. A ƙarshen zaman an yi tir da koyarwarsa, an kore shi daga gari, aka kuma ba da umarnin a ƙona littattafan falsafa.

Wannan dattijo shi ne Abul Walid Muhammad ɗan Ahmad ɗan Rushd, wanda Turawa suka sani da suna Averroes. Fiye da shekara 800 bayan rasuwarsa, malaman fiƙihu da masu nazarin tarihin likitanci da na ƙwaƙwalwa suna ci gaba da komawa ga abin da ya rubuta.

Gidan alƙalai

An haifi Ibn Rushd a Kurɗuba a 1126, daidai da shekara ta 520 bayan Hijira, a wani gida da ya gaji shari'a kaka da kakanni. Kakansa, wanda ya rasu a shekarar da aka haife shi, shi ne alƙalin alƙalan Kurɗuba kuma limamin babban masallacinta, kuma yana cikin manyan malaman mazhabar Malikiyya. Sunansu ɗaya, shi ya sa malamai ke bambanta su da cewa Ibn Rushd kaka da Ibn Rushd jika. Duk almajirin da ya karanta Mukhtasar na Shehu Halilu a zaurukan ƙasar Hausa ya ci karo da ra'ayoyin kakan. Mahaifinsa ma ya yi alƙalanci.

Yaron ya taso a kan tafarkin gidansu. Ya haddace Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya karanci hadisi da fiƙihu da Larabci. Daga nan ya ƙara da abin da ba kowane ɗan malamai ke nema ba, wato likitanci, wanda ya koya a wajen Abu Ja'afar ɗan Haruna. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa tun da ya yi wayo dare biyu kaɗai ya taɓa yi ba tare da karatu ba, daren aurensa da daren da mahaifinsa ya rasu.

Likita da nazarin ƙwaƙwalwa

A wajajen 1162 ya kammala littafinsa na likitanci mai suna Alkulliyat. Ya kasa shi kashi bakwai: ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da cututtuka, da alamominsu, da magunguna da abinci, da kiyaye lafiya, sai kuma hanyoyin warkarwa. Littafin ya tsaya a kan ƙa'idoji na gaba ɗaya, shi kuwa abokinsa Abu Marwan ɗan Zuhr, shahararren likitan Ishbiliya, ya rubuta Attaisir a kan cututtuka ɗaya bayan ɗaya, ta yadda mai koyon aikin zai haɗa biyun ya samu ilimi da aiki a tare.

Masu bincike na wannan zamani sun fi mayar da hankali a kan abin da ya faɗa game da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya danganta cutar shanyewar ɓarin jiki da ƙwaƙwalwa da kuma toshewar hanyoyin da ke tashi daga zuciya zuwa gare ta, bayanin da ya yi kusa da abin da likitoci suka tabbatar daga baya. Ya kuma yi bayani a kan makyarkyatar gaɓoɓi, abin da wasu masana ke ganin ya yi kama da cutar da likitan Ingila James Parkinson ya siffanta a 1817. Har ila yau wasu na ganin yana cikin waɗanda suka fara fahimtar cewa tantanin da ke can bayan ƙwayar ido ne ke karɓar haske, kodayake akwai masanan da ba su yarda da wannan fassara ba. Kazalika ya lura cewa cutar agana ba ta kama mutum sau biyu.

Sai dai ba a ko'ina ya dace ba. Saboda tsananin bin ra'ayin masanin Girka Arisɗo, ya fifita zuciya a kan ƙwaƙwalwa a matsayin tushen ji da motsi, alhali likitan Girka Jalinus, wanda ya ba ƙwaƙwalwa wannan matsayi, shi ya fi kusa da gaskiya.

Daga fada zuwa kujerar shari'a

A wajajen 1169 likitan fada Ibn Ɗufail ya gabatar da shi ga Halifa Abu Yaƙub Yusuf na daular Muwahhidun. An ruwaito cewa halifan ya tambaye shi ra'ayin masana falsafa a kan ko sammai daɗaɗɗu ne ko kuwa fararru. Tsoro ya kama Ibn Rushd, ya fara kame-kame, sai da ya ga halifan da kansa ya shiga tattauna batun cikin sani sannan ya saki jiki. Bayan haka ne aka nemi ya yi sharhin littattafan Arisɗo domin su fahimtu, aikin da ya ci kusan shekara 30 na rayuwarsa.

A wannan shekara aka naɗa shi alƙalin Ishbiliya, bayan shekara biyu kuma aka mayar da shi Kurɗuba. A 1182 ya gaji Ibn Ɗufail a matsayin likitan halifa, sannan ya hau kujerar da kakansa ya zauna a kai ta alƙalin alƙalan Kurɗuba.

Littafinsa na fiƙihu, Bidayatul Mujtahid, shi ne ya fi sanar da shi ga malaman Afirka ta Yamma. A cikinsa yakan kawo mas'ala, ya jero ra'ayoyin mazhabobi, sannan ya nuna dalilin saɓaninsu, ko daga lafazin aya ne, ko daga hadisan da suka yi kama da masu karo da juna, ko daga ƙiyasi. Manufarsa ita ce ɗalibi ya san yadda ake ciro hukunci daga tushensa, domin a ganinsa yawan haddar mas'aloli kaɗai ba ya mayar da mutum masanin fiƙihu.

A wannan littafi ne sana'o'insa biyu suka haɗu. Ya tattauna hukuncin likitan da ya yi kuskure a aikinsa, ya kuma ba da misali da mai kaciya. Ya bayyana cewa idan mutumin gwani ne a fannin, kuskurensa na jawo diyya, kodayake akwai wata ruwaya daga Imamu Malik da ta ɗauke masa ita. Wanda kuwa ya shiga aikin ba tare da ilimi ba, to shi mai ƙetare iyaka ne, ana iya hukunta shi da bulala da ɗauri, ga kuma diyya. Batun tantance wanda ya cancanci ya taɓa jikin majiyyaci, da alhakin da ke kansa idan ya yi ɓarna, har yanzu yana cikin abin da hukumomin likitoci da kotuna ke fama da shi.

Kora da ƙona littattafai

Abin da ya jawo masa abokan gaba shi ne falsafa. A littafinsa Faslul Maƙal ya kafa hujja da salon mai fatawa cewa shari'a ta yi kira ga nazarin halitta da hankali ga wanda ya cancanta, kuma gaskiyar wahayi ba ta karo da gaskiyar da hujja ta tabbatar. Ya kuma rubuta Tahafutut Tahafut a matsayin martani ga Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kan sukar da ya yi wa masana falsafa.

Halifa Abu Yaƙub ya rasu a 1184, ɗansa Yaƙub Almansur ya gaje shi. Da farko ya ci gaba da girmama Ibn Rushd, amma a 1195 al'amura suka juya. Masana tarihi da dama na ganin halifan yana buƙatar goyon bayan malaman da ke adawa da falsafa a lokacin da yake yaƙi da masarautun Kiristoci na arewacin Andalus. Wata ruwayar kuma ta ce ya fusata ne da yadda Ibn Rushd ya ambace shi a wani littafi da laƙabin sarkin Barbar kawai, ba tare da girmamawar da aka saba ba.

An tura shi Alyusana, wani ƙaramin gari kudu da Kurɗuba wanda ya yi suna da yawan Yahudawa. Umarnin ƙona littattafan ya tsame na likitanci da lissafi da ilimin taurarin da ake buƙata wajen sanin lokutan salla da alƙibla. An kuma ruwaito cewa abin da ya fi yi masa ciwo a wannan jarrabawa shi ne ranar da jama'a suka fitar da shi da ɗansa daga masallaci.

Ba a daɗe ba halifan ya yafe masa, ya kira shi birnin Marrakesh na Maroko. A can ya rasu a watan Disamban 1198, yana da shekara 72. Daga baya aka ɗauko gawarsa zuwa Kurɗuba. Shehu Ibn Arabi, wanda ya shaida ɗaukar, ya ba da labarin cewa an ɗora gawar a gefe ɗaya na dabba, aka daidaita nauyinta da littattafansa a ɗaya gefen.

Bayan rasuwarsa

Cikin 'yan shekaru kaɗan aka fara fassara sharhohinsa zuwa Latin da Ibrananci, har malaman Turai suka riƙa kiransa da Mai Sharhi kawai. An fassara Alkulliyat a birnin Padua na Italiya, ya kuma shiga cikin littattafan koyar da likitanci a Turai. A can ma bai tsira daga suka ba, domin a 1270 da 1277 bishop na birnin Paris ya haramta wasu ra'ayoyi da ake dangantawa da mabiyansa. Wasu daga cikin sharhohinsa sun ɓace a Larabci, ana samunsu ne kawai ta waɗannan fassarori.

A ƙasashen Musulmi kuwa falsafarsa ba ta samu magada da yawa ba sai a ƙarni na 19 da na 20, lokacin da aka sake buga littattafansa. Fiƙihunsa ne ya ci gaba da tafiya daga malami zuwa ɗalibi, kuma har yau Bidayatul Mujtahid na cikin littattafan da ɗaliban shari'ar Musulunci ke nazari a kansu a jami'o'i da zaurukan karatu.