Usman Sembene: Soja, Ɗan Dako, Marubuci

An haifi Usman Sembene a garin Ziginshor, cikin yankin Kasamans na ƙasar Senegal, a shekarar 1923. Mahaifinsa masunci ne. Bai yi nisa a makarantar boko ba aka kore shi, sai ya tafi Dakar ya kama aikin birkila da kanikanci.

A 1944 Faransawa suka ɗauke shi soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ya yi aiki a ƙasar Nijar. A ƙarshen wannan shekara ne sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka a barikin Caroye, kusa da Dakar, don kawai sun nemi albashin da suke bi. Wannan ta'asa ba ta taɓa barin zuciyarsa ba.

Da aka sallame shi a 1946, sai ya haye Faransa, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Marsel. A can ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya duƙufa karatu, ya zama mai fafutikar ƙwato haƙƙin ma'aikata. Littafinsa na farko, Le Docker noir, ya fito a 1956. A 1960 ya wallafa Les Bouts de bois de Dieu, wanda ya gina a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na hanyar Dakar zuwa Bamako, daga 1947 zuwa 1948. A cikinsa ya nuna cewa da taimakon mata aka ci nasarar yajin.

Amma da ya komo gida sai ya tarar da wata matsala wadda ta shafi kowane marubucin Afirka: talakawan da ya rubuta dominsu ba su karanta Faransanci. Saboda haka ya tafi Mosko ya koyi shirya fim. A 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof, daga bisani kuma ya taimaka wajen kafa mujallar Kaddu da wannan harshe. Sai a 1988 ya sauke nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi, ya shirya fim a kan kisan Caroye.

Ya rasu a Dakar ranar 9 ga Yuni, 2007. Tambayar da ya bar wa masu nazarin adabin Hausa ita ce: idan marubuci ya kare talaka da harshen da talaka ba ya ji, wa ya yi wa magana?