Tarihin Dokta Bargery, Mai Babban Ƙamus na Hausa

Kowane malami a wannan ƙasa tamu ta Jos tafinta ne, ko ya so ko ya ƙi. Yaron Dutse Uku ya kan tashi da Izere a gida, ya fita waje ya yi wasa da Hausa, ya zo aji a ce masa sai Turanci. In kalma ta fi ƙarfinsa, malam ya ke duba, malam kuwa in abin ya ɗaure masa kai sai ya nemi ƙamus. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana masu koyon aikin malanta labarin wani malamin makaranta wanda ya ba da shekara goma sha uku na ransa wajen tattara kalmomin Hausa, ya jera su, ya fassara su da Turanci. Sunansa George Percy Bargery.

An haife shi a birnin Exeter, a Ingila, ran 1 ga Oktoba, 1876. Ya yi karatu a garinsu, sa'an nan ya shiga kwalejin 'yan mishan na C.M.S. a Islington, cikin Landan, ya fito da matsayin Rabaran. A 1900 aka aiko shi Nijeriya ta Arewa. Sai mu tuna, a lokacin nan Turawa ba su ci Kano da Sakkwato ba tukuna, sai a 1903. Ya yi aiki tare da Likita Miller, da fari a Girku, daga baya a Zariya. Likita Miller ɗin nan shi ne wanda ya shugabanci fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa, wadda ta fito a 1932, kuma a Bukuru, nan kusa da mu, ya ƙare kwanakinsa a 1952. A wannan zama na ƙasar Zazzau ne kunnen Bargery ya faɗa da Hausa, gama ba shi da abokan hira sai manoma da fatake da almajirai.

A 1910 ciwo ya kama shi, aka mai da shi gida. Wani da ya ɗauka shi da ƙasar nan sai labari, amma da ya sami sauƙi sai ya komo a 1912, wannan karo a ma'aikatar ilmi ta Gwamnati. Aka tura shi ƙasar Tibi, ya kafa musu makarantar Gwamnati ta fari. Watau dai ya san wahalar da mu ke shirin shiga, ta koya wa yara karatu da bakin da ba shi suka sha a nono ba.

Kafin zamaninsa akwai ƙamus na Hausa. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya buga nasa a 1876. Yawancin Hausarsa kuwa a Ingila ya samo ta, daga bakin Dorugu, wani yaro mutumin ƙasar Damagaram wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai a 1855. Bayansa C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya fitar da nasa a 1899 da 1900. Waɗannan mutane sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma littattafansu ba su kai su riƙe makaranta da kotu da ofis ba. Don haka a 1921 Gwamna Clifford ya ɗauke wa Bargery aikin makaranta, ya ɗora masa na yin ƙamus cikakke.

To, a nan ne abin koyi ya ke. Bargery bai ɗauko jerin kalmomin Turanci ya zauna a tebur yana neman wa kowace ɗaya abokiyar zama ba. Bakin mutane ya bi. Ya zauna a Kano, ya sami malamai masu taimakonsa, babbansu kuwa Malam Mahmudu Koƙi, wanda ya yi karatun allo da na ilmi, ya kuma yi makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa. Suka zaga ƙasashen Hausa suna tambaya, suna gwada abin da suka ji a wannan gari da abin da a ke faɗi a wancan. Shi ya sa in ka buɗe littafin za ka ga an sa wa kalma alama, wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Zazzau, ko Daura, ko Haɗejiya, ko Gobir. Bai ce Hausar Kano ce kaɗai Hausa ba. Ya kuma nuna waɗanda aka aro daga Larabci, da Fillanci, da Barbarci, da Yarabanci, har da na Turanci waɗanda suka shigo ta hanyar soja da kanti.

Me ya sa ya sha wannan wahala? Domin kalmomin sana'a ba a samunsu sai wurin mai sana'a. Malamin da ya fi kowa nahawu, in ka kai shi karofi, ba lalle ne ya iya rarrabe maka baba da katsi da zarta ba, sai marini. Uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi na maƙeri ne. Allira da ƙoshiya da kwarkwaro na masaƙi ne. Kuma ba ya isa ka ji sunan abu kawai, sai ka san abin da a ke yi da shi, in ba haka ba fassararka za ta zama ta makaho mai kwatanta giwa. Ga misali daga gona. Bature yana da kalma guda wadda za ta iya rufe dukan aikin kaka. Bahaushe kuwa dawa da gero girbinsu ya ke yi, wake a rore shi, shinkafa a yanke ta, rogo a tone shi, auduga a cire ta. Yaron da aka koya wa cewa kalmar nan ta Turanci girbi ce, ba ƙari, wata rana zai rubuta cewa ya girbe rogo, tsofaffin gidansu su yi ta dariya.

Wani abin da Bargery ya lura da shi, wanda na gabansa ba su ba shi hakkinsa ba, shi ne hawa da saukar murya, da jan wasali. Mu da muka tashi da Hausa ba mu kan kula ba, gama bakinmu ya saba. Amma dubi kuka na mai hawaye da kuka mai miya, ko gari na mutane da gari na tuwo, ko fari na alli da fari na rashin ruwa. A takarda duk ɗaya su ke, a baki kuwa kowa da hanyarsa. Bargery ya bi kalmomin nan ɗaya ɗaya, ya nuna a gefen kowace inda murya ke hawa, da inda ta ke sauka, da inda a ke ja. Wanda ya san yawan kalmomin zai gane wannan ba aikin mai gaggawa ba ne.

Matarsa ta fari ta rasu a 1932, aikin yana dab da ƙarewa. A 1934 littafin ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafi fiye da 1,200, kalmomi wajen 39,000, da bayani a gaba a kan Hausawa da harshensu daga alƙalamin Shehun malami Westermann na Jamus. Ba jerin kalmomi kurum ba ne. A ƙarƙashin kalma guda za ka tarar da karin magana, da kirari, da irin yadda a ke sarrafa ta a zance. A ƙarƙashin ƙato kaɗai ya tara kalmomi fiye da 300 waɗanda Hausawa ke kwatanta girman abu da su. Mai cewa Hausa ba ta da yalwa, a buɗe masa wannan shafi ya ƙidaya da kansa.

Kada mu zaci Hausa kaɗai ce ta bukaci irin wannan aiki, ko kuwa sai baƙo ne zai iya yinsa. A arewacin Turai akwai wata 'yar ƙasa, Latbiya, wadda Jamusawa da Rashawa suka daɗe suna mulki, harshen mutanenta kuwa a ka ɗauke shi bakin manoma. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar, Karlis Milenbahs, ya yi shekaru yana tattara kalmominsu yana fassarawa da Jamusanci. Ya rasu a 1916 bai gama ba, Janis Endzelins ya ɗauka ya ƙarasa, aka buga shi littafi huɗu daga 1923 zuwa 1932, watau daidai shekarun da Bargery ke fama da nasa a Kano. Bambancin shi ne su can 'yan ƙasa ne suka yi wa kansu.

Bayan fitowar ƙamus Bargery ya koma koyar da Hausa a makarantar koyon harsunan Gabas da na Afirka ta Jami'ar Landan, inda ya horar da Turawa masu zuwa aiki ƙasar nan, har ya huta a 1947. Jami'ar ta ba shi digirin Dokta a 1937 saboda wannan littafi. A 1953, yana da shekara saba'in da bakwai, matarsa ta biyu ta riga ta rasu, idonsa kuma ya yi rauni, ya sake komowa Kano don ya taimaka a gyara fassarar Sabon Alkawari. Ya zauna har 1957. Ya rasu ran 2 ga Agusta, 1966, a gidan ɗansa a Tring, saura wata biyu ya cika shekara tasa'in.

Ba na cewa aikinsa ba shi da gibi. Sashen da ya fara da Turanci ya koma Hausa gajere ne, bai wuce manuniya ba, alhali shi ne malamin aji ya fi bukata. Sai daga baya Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da wani babba a 1990. Haka kuma dukan bayanin Bargery da Turanci ne, saboda haka marinin da ya ba da kalmarsa ba shi da ikon karanta abin da aka rubuta a kanta. Ƙamus mai bayyana Hausa da Hausa, na Jami'ar Bayero, sai a 2006 ya fito. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Sunan mutum ɗaya ne a bangon littafin, amma bakuna ɗaruruwa ne suka cika shi. Malam Mahmudu Koƙi mun san labarinsa, domin Skinner ya rubuta shi daga bakinsa, aka buga a Zariya a 1977. Sauran, maƙera da majema da mata masu kaɗi, sun tafi da sunayensu. Duk da haka littafin bai mutu ba. R. C. Abraham, wanda ya taɓa taimakon Bargery, ya yi nasa ƙamus a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga na Bargery a 1993, an kuma sa shi a intanet.

To, mu fa? A ƙasar nan an yi shekaru ana haƙar kuza, mutane suka zo daga ko'ina, suka haɗu a bakin rami, suka ƙago Hausar aikinsu: lebura, da helma, da diga, da shebur, da kwano, da sunayen kowane irin rami da kowace irin ƙasa. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, tsofaffin da suka yi aikin a zamanin kamfanoni suna ƙarewa, kududdufai kaɗai za su rage. Haka kuma kalmomin noman acca, da na farauta, da na biki, a Izere da Birom da Anaguta, yara da yawa ba su san su ba, gama Hausa da Turanci sun cika musu baki. Kalmar da ba a rubuta ba, ranar da mai ita ya kwanta dama, tare a ke binne su.

Ga shawarata. Kowanenmu in an tura shi makarantarsa, ya sayi littafin rubutu guda ya keɓe shi. Kowane mako ya aiki yara su tambayo iyayensu da kakanninsu kalma biyar na sana'ar gidansu, da bakinsu da Hausa, da abin da a ke yi da kowane abu. Malam ya rubuta, ya nemi Turancinsu in akwai, in babu ya bayyana da jimla, kada ya ƙaƙaba wa kalma abin da ba nata ba. Ya kuma sa sunan wanda ya ba da ita da unguwarsu. Kalma biyar a mako, in shekara ta zagayo sun kusa ɗari biyu, malami ɗari kuwa sun tara abin da zai zama littafi. Baƙo ya yi shekara goma sha uku a kan harshen da ba nasa ba, mu masu abin ba mu da hujja. Allah ya ba mu haƙuri irin nasa, amin.