Labarin Likita Mila na Zariya, da Yadda Ya Riƙe Makarantarsa

Ya ku 'yan'uwa da ke Babban Mutum da sauran garuruwan ƙasar Daura, ku da ku ka soma bin Hanya, da ku kuma da ku ke cikin bincike tukuna: Waɗansunku an riga an danƙa masu yara domin su koya masu karatu, ko a zaure ko a gindin itace, waɗansu kuwa za a danƙa masu nan gaba. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu ba ku labarin wani mutum wanda ya riƙe makaranta a cikin birnin Zariya shekara ashirin da huɗu, tun boko bai bazu a ƙasar Hausa ba. Ba waliyyi ba ne. Yana da nasa aibi, za mu kuwa faɗe shi a inda ya kamata, gama labarin da aka ɓoye rabinsa ba ya amfanin mai-koyo.

Sunansa Walter Miller, amma Hausawa Likita Mila su ka san shi. An haife shi a shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari da a ke ce da shi Honiton, a yammacin ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin Bartalamawas Mai-tsarki a birnin London. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya ci abinci da sana'arsa, amma ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. domin a aike shi ƙasar Hausa.

Abu na fari da ya yi ya isa a lura da shi. Bai tasam ma ƙasar da ya ke so ya koyar ba sai da ya fara zama ɗan makaranta shi da kansa. Ya tafi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin raƙuma ya kan sauka bayan ya taso daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas, hanyar nan da ba ta da nisa da ƙasarku. A can akwai Hausawa, fatake da masu-niyyar hajji. Daga bakinsu ya ɗauki Hausa, likita guda da ilminsa yana zaune ana gyara masa magana kamar yaro. Wanda bai jure a gyara shi ba, yaya za ya gyara waɗansu? Har a shekara ta 1901 ya buga ɗan littafi na nahawun Hausa domin masu-koyo.

A farkon shekara ta 1900 su biyar su ka taso daga Ikko, shugabansu Bishop Tugwell, tare da Mila da Richardson da Ryder da Burgin. Su ka haye Kwara a Jebba, su ka iso Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Su ka wuce Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga birninsa. Kada mai-karatu ya yi saurin ganin laifin Sarki, gama a watan Janairu na wannan shekara Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, sojan Turawa kuwa suna matsowa arewa. Da wuya mutum ya rarrabe Bature mai-littafi da Bature mai-bindiga a irin wannan lokaci. Su ka komo kudu su ka sauka a Girku. A nan Ryder ya rasu, Richardson ya yi ciwo har aka mai da shi gida, gidan da su ka gina kuma ya ƙone. Tafiyar ta watse ba su ga amfanin kome ba.

Mila ya sake dawowa. A shekara ta 1905, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya sami izini ya zauna a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ku lura, sauran Turawa a bariki su ke zaune, bayan gari, nesa da ƙura da hayaniyar mutane. Shi kuwa cikin ganuwa ya zauna, a gidan ƙasa irin na maƙwabtansa, ya buɗe wurin ba da magani, ya kuma soma tara yara.

Yaran nan ba 'ya'yan manya ba ne galibinsu. Akwai waɗanda aka fanso daga bauta ba a san iyayensu ba, akwai marayu, akwai kuma 'yan kaɗan da iyayensu su ka kawo da kansu. A gidansa su ke kwana, a gidansa su ke tashi. Wannan shi ne tushen al'amarin duka, domin malamin da ya kan zo da safe ya koyar ya koma gidansa da azahar yana iya ɓoye halinsa, ya sa wa kansa fuska ta makaranta kamar yadda a kan sa riga. Amma wanda ya ke gida ɗaya da almajiransa ba shi da wurin ɓuya. Suna ganinsa sa'anda zazzaɓi ya kama shi, da sa'anda ransa ya ɓaci, da yadda ya ke yi da mai-gyambo da ya zo neman magani ba shi da ko anini. Abin da su ka gani a nan shi ya fi shiga zuciyarsu, fiye da abin da aka rubuta masu a allo. Shaida kuwa ita ce, waɗansu daga cikinsu da ba su da sunan uba su ka ɗauki sunansa, har zuriyarsu ta ci gaba da amsa shi. Ba a tilasta wa yaro ya kira mutum uba. Kun karanta a cikin Bisharar Yohanna, sura ta 13, yadda Ubangiji ya tashi daga wurin cin abinci ya wanke ƙafafun almajiransa, shi da ya ke Malaminsu. Shugabancin da Mila ya yi ƙoƙarin kwaikwayo ke nan, ko da ya ke sau da dama ya kasa.

Wani abu kuma, bai rena hankalin yaransa ba. A zamanin nan waɗansu manyan ma'aikatan gwamnati suna ganin ya isa a koya wa ɗan Arewa karatu da rubutu da ɗan lissafi a cikin harshensa, kada a ba shi Turanci da yawa ya yi girman kai. Mila bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Ya fi yawancinsu jin Hausa da ƙaunarta, duk da haka ya dage a kan yaransa su koyi Turanci sosai, domin ya sani in ba da shi ba babu ɗan ƙasar da za ya zama likita ko ya tsaya gaban Razdan ya faɗi ra'ayinsa. Malamin da ya ƙudura a ransa yaran ƙauye ba za su iya ba, ya riga ya yanke masu hukunci, su kuwa su kan gane da wuri, su daina ƙoƙari.

Ba dukan abin da ya sa hannu ne ya yi kyau ba. Ya shirya da Lugga za a buɗe makaranta domin 'ya'yan sarakuna, da wata domin malamai su koyi boko. Ta malaman an buɗe ta a shekara ta 1907, amma ba ta yi ƙarko ba, ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta tabbata ba. Dalili a fili ya ke. Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, iyaye kuwa sun san Mila ɗan mishan ne, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Ba su amince su ba shi 'ya'yansu ba. Gwamnati ta janye, ta kafa tata makaranta a Nasarawa ta Kano a shekara ta 1909, a hannun Vischer wanda a ke ce da shi Ɗan Hausa, wanda shi ma da fari a cikin C.M.S. ya zo ƙasar. Daga wannan reshe Kwalejin Katsina ta fito, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a shekara ta 1922. Ku da ku ke zaune tsakanin maƙwabta Musulmi, ku riƙe wannan: amincin iyaye ba a samunsa da wayo. Idan uba ya kawo maku ɗansa domin karatu, ku faɗa masa gaskiyar abin da ku ke koyarwa tun da fari, abin da ku ka yi alkawari ba za ku yi ba kuwa kada ku yi shi a ɓoye.

A shekara ta 1913 wani abu ya faru wanda ya canza makarantar. Waɗansu mutane su ka zo wurin Mila, daga cikin waɗanda a ke kira Isawa. Asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya ba Annabi Isa girma na musamman a cikin karatunsa, har aka kashe shi tun Turawa ba su zo ba, mabiyansa su ka warwatse, waɗansu su ka fake a Ningi. Jikokinsu da 'ya'yansu ne su ka zo neman ƙarin bayani. Aka sama masu wuri a Gimi a ƙasar Zazzau, su ka kafa gari, aka sa wani fasto baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, sunansa Thompson, ya zauna tare da su. Garin ya soma albarka, sai ciwon barci ya faɗa masu. Mutane su ka yi ta mutuwa, har ba a iya zama ba, aka tashi. Yara da yawa da su ka tsira makarantar Zariya ta ɗauke su. Wanda ya ga Gimi kango a lokacin nan, ai sai ya ce wahalar banza aka yi. Amma daga zuriyar Isawan nan Ishaya Audu ya fito, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Yanzu sai aibinsa. Mila mutum ne mai-zafin zuciya da kaifin harshe. Ba ya iya ganin zalunci ya yi shiru, wannan kuwa abin yabo ne. Talakawa su kan kawo masa kuka, shi kuma ya rubuta wa gwamnati ba tsoro. Ƙararrakin da ya kai suna cikin abin da ya sa aka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja, Sarkin nan da ya ba shi wurin zama da fari. Har yau akwai masu-ganin ya wuce gona da iri, ya shiga sha'anin sarauta wanda ba nasa ba, ya kuma jawo wa masu-bi zargi wanda ya daɗe bai gushe ba. Ban da wannan, ya yi wuyar zama da abokan aikinsa Turawa. Abin da ya gani shi ne daidai, ba ya saurin sauraron na wani. Mutum yana iya yin haƙuri da yara ƙanana ya kasa yinsa da tsararsa, gama yaro ba ya ja da shi, tsara kuwa yana ja. Shugaban makaranta da ke da malamai biyu ko uku a ƙarƙashinsa, shi ya fi kowa bukatar ya binciki kansa a kan wannan, domin yara su kan lura da yadda manyansu ke magana da juna, su ɗauka haka a ke yi.

A shekara ta 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni, bisa ga nufin gwamnati da na fada, aka koma Wusasa, a gindin dutse, yamma da Zariya. A can aka gina majami'ar Bartalamawas Mai-tsarki da ƙasa, ginin magina Hausawa, aka kafa makaranta da asibiti. Shugabancin wurin ya koma hannun wani saurayi, Guy Bullen. Mila ya bar aikin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana renonsa, ya koma Kano. Ba abu mai-sauƙi ba ne ga mai-irin halinsa ya ga wani yana riƙe da abin da ya dasa, yana kuma yin waɗansu abubuwa dabam da yadda shi ya saba. Makarantar ba ta mutu da tafiyarsa ba. A nan a ke gane ko mutum ya gina makaranta ne ko kuwa ya tara yara ne kewaye da kansa kawai.

Daga jama'ar nan Barau Dikko ya fito, wanda aka haifa a shekara ta 1912, ya yi karatu a Kwalejin Sarki ta Ikko da Jami'ar Birmingham, ya zama ɗan Arewa na fari da ya zama likita irin na Turai. Shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taron Kaduna na 1949, Kirista a gaban taron da yawancinsa Musulmi ne, domin sun amince da shi. Akwai babban asibiti a Kaduna mai-sunansa. Daga nan kuma John Tafida ya fito, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a makarantar Wusasa ya fara karatu, bayan Mila ya tashi. In aka ƙidaya waɗanda Mila ya gani sun karɓi baftisma a dukan zamansa na birni, ba su da yawa, har waɗansu a Ingila su ka riƙa tambaya ko kuɗin da a ke kashewa yana da amfani.

A Kano ya ba da ƙarfinsa ga aikin da ya daɗe yana yi kaɗan kaɗan, watau juya Littafi Mai-tsarki zuwa Hausa, tare da Hausawa masu-taimakonsa da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin mishan. Aka buga shi cikakke a shekara ta 1932. An yi waɗansu fassarori daga baya, amma tsofaffi da yawa da wannan su ka koyi karatu.

Ya bar C.M.S. a shekara ta 1935, ya koma Ingila, ya rubuta labarin aikinsa. Zaman can bai karɓe shi ba. Ya komo Nijeriya, ya ci gaba da rubuce-rubuce a kan mulkin ƙasar, yana faɗa wa gwamnatin mutanensa laifinta kamar yadda ya saba, har ya buga wani littafi a 1947 wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Ingila ta kasa a Nijeriya. Ya tsufa a ƙasar duwatsu, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekara ta 1952, yana da shekara tamanin.