Mika'il Cailakiyan, Mai Neman Asirin Fure

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a cikinmu ya san halin dawar kaka: ko an shuka ta da ruwan fari, ko an makara, ba ta fid da kai sai damina ta zo ƙarshe. To, wa ke gaya mata lokaci ya yi? A kan irin wannan tambaya Cailakiyan ya ƙare rayuwarsa.

Mutumin Armeniya ne, an haife shi a ƙasar Rasha cikin 1902. Ya yi karatu a Yerevan, sa'an nan ya zauna a Masko yana binciken tsiro. Tun cikin 1920 waɗansu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, sun gwada da taba, sun tabbatar tsawon yini ke sa waɗansu tsire-tsire fure. Amma ta wace gaɓa tsiro ke ganewa, wannan ya saura.

Cailakiyan ya ɗauki irin tsiron da ba ya fure sai yini ya gajarta. Kullum kafin rana ta faɗi sai ya rufe ganyayen kaɗai, sai ga fure ya fito. Da ya rufe kan tsiron ya bar ganye a fili, ko toho bai gani ba. Ya kuma aurar da wanda ya sami gajeren yini da wanda bai samu ba, na biyun ma ya yi fure. Daga nan ya gane ganye ke auna yini, sa'an nan ya aika da wani sinadari zuwa kan tsiro. Cikin 1936 ya raɗa masa suna filorijin, watau mai haifar da fure.

Wannan magana ba ta gamshi Lisenko ba, wanda a zamanin nan shi ne wuƙa da nama a kan ilmin noma a Rasha. Aka tsananta wa Cailakiyan, har aka raba shi da muƙaminsa na wani lokaci, amma bai janye ba. Ya yi fiye da shekara 50 yana neman ya tace sinadarin nan, abin ya faskara, har waɗansu suka ɗauka tatsuniya ce. Ya rasu a Masko cikin 1991 bai gan shi da ido ba.

Sai cikin 2007 masana a Jamus da Japan suka nuna wani ƙaramin furotin da ganye ke yi, yana bin jijiyar tsiro har ya kai kansa. Ashe dai gaskiyarsa ce.

Mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu riƙe wannan: abin da gwaji ya tabbatar, tsoron mai iko ba ya kau da shi, jinkiri kuma ba ya mai da shi ƙarya.