ROBERT BOYLE, MUTUMIN DA YA GANO HALIN ISKA

An haifi Robert Boyle ran 25 ga Janairu, 1627, a garin Lismore na ƙasar Ailan, watau a zamanin da Kutumbi ke sarautar Kano. Ubansa babban hakimi ne mai tarin dukiya, Robert kuwa shi ne na goma sha huɗu cikin 'ya'yansa. Ya yi makarantar Eton, sa'an nan aka haɗa shi da malami suka tafi Janiba da Italiya neman ilmi. Da ya ga dama da ya zauna ya ci gado, amma sai ya zuba dukiyarsa cikin bincike.

Sa'ad da ya ke zaune a Oksfod ya ɗauki Robert Hooke ya zama mataimakinsa, suka ƙera famfon zuƙe iska a 1659. A 1662 ya bayyana gwajin da ya ɗaukaka sunansa. Ya sami bututun gilashi mai lanƙwasa kamar ƙugiya, gajeren gefen a toshe, ya riƙa zuba zaiba ta dogon gefen. Sai ya ga in nauyin da ke danne iskar ya ninka, wurin da ta ke ci ya kan koma rabi, muddin zafinta bai sāke ba. Malamin makaranta na iya nuna wa yara wannan da famfon keke: a toshe bakinsa da yatsa, a danna.

To, ga inda abin ya shafi rai. Ruwa na da nauyi. Shi ya sa masunci ya kan ji kunnensa na ciwo in ya nutsa a kogin Hadeja wajen Ringim. Kowane mita 10 na zurfi, watau kamar ƙafa 33, ya kan ƙara nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu. Saboda haka a mita 10 iska ta kan takure ta zama rabi, a mita 20 sulusi, a mita 30 rubu'i. Wanda ya shaƙi iska a waje ya nutsa, da ya taso za ta koma yadda ta ke. Amma tun 1943, da Cousteau da Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta goyawa, masu nutso na shaƙar matsattsiyar iska a can ƙasa. In mutum ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi har sama, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhun na iya yagewa. Don haka doka ta fari da a ke koya musu ita ce kada su riƙe numfashi, su kuma taso a hankali.

A 1670 Boyle ya sa maciji cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar, ya ga kumfa a idonsa. Irin wannan kumfa ce ke fitowa a jinin mai nutso in ya yi gaggawar tasowa.

Yana cikin masanan da suka kafa jam'iyyar Royal Society a 1660. A 1680 aka zaɓe shi shugabanta, ya ƙi, don gudun rantsuwar kama aiki. Bai yi aure ba. Ya rasu a Landan ran 31 ga Disamba, 1691, mako guda bayan rasuwar yayarsa Katherine, wadda ya zauna a gidanta fiye da shekara 20. Har yau ƙa'idar nan da sunansa a ke kiranta.