Az-Zahrawi, Likitan da Ya Kankare Haƙora

Ran da na fara ganin jini a bakin aswakina ban damu ba, na ɗauka ƙarfin goga ne ya yi yawa. Da na je hutu na faɗa wa Kawu, sai ya buɗe bakinsa ya nuna mini giɓi huɗu, ya ce nasa ma da haka ya soma. Haƙoran ba su ruɓe ba, dasashi ne ya yi ta janyewa, su kuma suka yi ta girgiɗa har wanzami ya ƙarasa su. Bai cika shekara 50 ba, amma yanzu nama sai an daka masa. Washegari ya kai ni asibiti, likitan haƙori ya kankare mini wani ɓawo mai tauri daga gindin haƙora. Yana cikin aikin ya gaya mini cewa wannan dabara ta yi shekara dubu, ya ambaci sunan Az-Zahrawi. Da muka komo makaranta na shiga laburare na bi labarin mutumin, shi ne na ga ya kamata in kawo muku shi.

Sunansa Abulƙasim Halaf ɗan Abbas. An haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya a Andalus, watau kudancin ƙasar Sifen ta yau. A wannan shekara ce Halifa Abdurrahman na Uku ya fara gina sabon birninsa, Madinatuz Zahra, kimanin mil 5 yamma da Kurɗuba, daga sunan birnin kuwa likitan ya sami laƙabinsa. Kurɗuba a lokacin nan gari ne na malamai da littattafai. Nan ya yi karatu, nan ya yi aiki, har ya zama likita a fadar Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 961 zuwa 976.

Bayan ya yi kusan shekara 50 yana duba marasa lafiya, sai ya tara abin da ya gani da idonsa cikin littafi mai suna At-Tasrif, mai kashi 30, wanda ya gama wajen shekara ta 1000. Kashi na ƙarshe shi ne na fiɗa. Ya raba shi uku: lalas da ƙarfe mai zafi, da yanka, da ɗorin karaya. Ya zana kayan aiki kimanin 200 don almajiransa su ga siffarsu. Ya ɗinke rauni na cikin ciki da zaren hanjin dabba, wanda jiki ya ke shanyewa. Ya kuma ba da labarin wani iyali da mazansu ke mutuwa domin jini ba ya tsaya musu ko da daga ɗan ƙaramin rauni. Abin da ya fi damunsa shi ne masu kama wuƙa ba su san ginin jikin mutum ba, saboda haka ya gargaɗi almajiransa su koyi wannan tukuna.

To, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babban likitan fada kamar wannan bai raina dattin haƙori ba. Ya lura cewa wani ɓawo ya kan taru a gindin haƙora, ciki da waje, wani baƙi, wani rawaya, wani kore, daga nan ɓarna ta kan sauka cikin dasashi har ya yi mugunya. Maganinsa shi ne a zaunar da mai ciwo, a ɗora kansa bisa cinyar likita, a kankare ɓawon sarai. In bai fita duka a rana ɗaya ba, a koma rana ta biyu da ta uku. Ya zana ƙarafan kankara guda 14, domin wanda zai shiga tsakanin haƙora dabam ne da na baya, dabam kuma da na gaba. Haƙorin da ya girgiɗe saboda bugu ko faɗuwa, ya kan ɗaure shi da maƙwabtansa da zaren zinariya, don ya ga azurfa ta kan sake launi ta lalace cikin baki. Cire haƙori kuwa ya mai da shi mataki na ƙarshe, ya zargi masu gaggawa waɗanda su kan tuge lafiyayye su bar mai ciwon. Da na zo nan sai na tuna da Kawu.

Ƙarshen zamaninsa ya zo da tashin hankali. Yaƙin basasa ya ɓarke a Andalus, aka washe Madinatuz Zahra wajen 1010, shi kuma ya rasu a 1013. Birnin ya zama kufai, amma littafin ya rayu. Cikin ƙarni na 12 wani malami, Jirad mutumin Kiremona ta Italiya, ya fassara kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo. Turawa suka kira mai littafin Albukasis, suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyon fiɗa daga gare shi.

Abu ɗaya ne idonsa bai iya gani ba, watau ƙwayoyin cuta. Sai a 1683 wani mutumin Holan, Lewenhuk, ya duba dattin haƙorinsa da gilashin ƙara girman abu, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Yau an san cewa su ne ke taruwa su zama dauɗa mai yauƙi a bakin dasashi. In ba a goge ta ba sai ta daskare ta zama ɓawon nan, wanda aswaki ko buroshi ba ya iya fitarwa. Da fari dasashi ya kan yi ja, ya kumbura, ya yi jini, a nan kuwa ana warkewa sarai. In an ƙyale shi, ciwon ya kan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya komo. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara masa ƙarfi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum fiye da biliyan 1 ke fama da mai tsananinsa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu goge baki safe da dare, da aswaki ko da buroshi da man goge baki, mu bi gindin haƙora a hankali, mu sakace tsakaninsu. Kada wanda ya ga jini ya daina gogewa don tsoro, wurin nan ne ya fi bukatar tsabta. In jinin ya wuce mako biyu bai tsaya ba, a nemi likita. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya kawo kukan jini ko warin baki, a taimaka a kai shi tun da wuri, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ni dai kwana 10 bayan kankara jinin ya ɗauke. Kawu ma ya yarda an kankare nasa, don ya tsira da waɗanda suka rage. Allah ya jiƙan Az-Zahrawi, ya ba mu lafiya mai amfani, amin.